Yadda zaka nemi gidan Habitat a Amurka in samunka ba mai yawa bane

Yan uwa mazauna Amurka, musamman masu tuƙin tasi da masu kitso da masu aikin kula da tsofaffi, in kuɗin haya na cinye muku rabin albashi to ku san da ƙungiyar Habitat for Humanity mai gina gidaje dan masu ƙaramin ƙarfi. Ba kamfanin neman riba bace, Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa ta a 1976 a garin Americus na jihar Jojiya, kuma ita ce wadda tsohon shugaba Jimmy Carter ya riƙa yiwa aikin kafinta tun 1984. Amma fa a cire rai da kyauta. Gidan saya zakayi, sai dai suna tsara biyan yadda abinda zaka riƙa bayarwa duk wata ba zai wuce kusan kashi 30 cikin 100 na samunka ba.

Farko nemo reshen garinku, dan ba hedkwata ake turawa takarda ba, kowane reshe da dokarsa da lokacin da yake buɗe ƙofa, wani sau ɗaya a shekara ne ma kuma sati kaɗan ya rufe. Saka sunanka a jerin waɗanda suke turawa saƙo, in sun kira taron bayani kaje da matarka.

Abu uku suke dubawa. Kana cikin matsin muhalli da gaske, zaka iya biya, kuma zaka bada guminka. Na tsakiyan nan shine inda mutanenmu ke faɗuwa. Samunka sai ya faɗa cikin wani mizani da ake aunawa da matsakaicin samun mutanen yankin, ma'aikatar gidaje ta HUD ke fitar da lissafin duk shekara, yawanci daga kashi 30 zuwa 60 ne wasu rassan har 80. To kai malam da kake karɓar kuɗin aiki a hannu kuma lokacin cike haraji ka rubuta ɗan abu kaɗan dan kar a cire maka da yawa, ranar da ka kai takardun nan zasu ga kamar ko abinci baka iya saya balle gida. Abinda ke rubuce kawai suka sani. Adashin da kake zubi shekara da shekaru baka taɓa saɓawa ba, da gidan da ka ginawa Hajiya a Kumasi ko Damagaram, duk basa cikin lissafi. Dan haka tun yanzu kuɗi su riƙa bi ta banki, ka cike harajinka tsakani da Allah ko da shekara biyu ne a jere, ka adana takardun albashi da na banki da rasit ɗin haya. Ka ciro rahoton kiredit ɗinka, wato tarihin bashinka da yadda kake biya, kyauta ne, in akwai tsohon bashin waya ko na asibiti da ya maƙale ka biya ko ka shirya da su. Yawancin rassa kuma sai kana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ko takardar zama ɗan ƙasa.

Maganar gumi kuwa aikin gayya ne sak. Awoyi ɗaruruwa zakayi, adadin ya danganta da reshe, kana buga ƙusa da fenti a gidanka da na wasu ko ka taya aiki a shagonsu na ReStore, ga ajin koyon tattalin kuɗi da gyaran gida. Tambayi ko suna ƙirga awoyin dangi da abokai, in suna yi ai sai ka kwaso samarin masallaci ranar Asabar.

Sai batun kuɗin ruwa, wanda na san shine ke cikin ran kowa. Asalin tsarin Habitat bashi ne mara ruwa, har yau akwai rassan dake haka, amma wasu yanzu da banki suke haɗa ka kuma akwai ruwa a ciki ko da kaɗan ne. Kar kaji kunya, tun ranar taron farko ɗaga hannu ka tambaya, in da ruwa kaje wajen malaminka kafin kasa hannu. Ƙungiyar ta Kiristoci ce amma dokarta ta hana yiwa mutum wa'azi ko zaɓe da addini.

Karanta sharaɗin sayarwa da kyau. Sai ka zauna a gidan da kanka, ba a zuba yan haya ka koma gida Afirka ba, kuma in zaka sayar galibi su zaka fara yiwa tayi, wani wurin ma an ƙayyade ribar da zaka ci dan gidan ya kuma zuwa hannun wani mai ƙaramin ƙarfi. Harajin gida da inshora suna kanka, rufi yayi yoyo babu mai gidan da zaka kira.

Wanda kuma yake da gida ya tsufa, rassa da yawa nada shirin gyara, rufi da fenti da matakala, wannan takardarsa daban ce sai ka tambaya a ofis.