Idan garinmu zai nemi gasa, ga yadda za a yi ba tare da an ci amana ba

Jiya a majalisarmu ta shayi nan unguwar Nima a Accra gardama ta kaure, wani baba ya ce wai me zai hana Ghana ta sake neman karɓar baƙuncin babbar gasar wasanni tunda mun yi kofin Afirka na 2008, mun kuma yi wasannin Afirka a Maris 2024 har aka gina filin wasanni na Borteyman. Ni ma ina so wallahi. Amma neman gasa yana da ƙa'ida, kuma inda mu za mu fi saurin faɗuwa shi ne wajen kyauta.

Mu dai baƙo ba ya zuwa ya koma hannu rabbana, ko kente ne ko batakari sai an naɗe masa, to amma wanda zai kaɗa ƙuri'a kan garin da za a ba gasa ba baƙo ba ne, alƙali ne. Ku tuna Salt Lake City a Amurka, sun samu gasar Olamfik ta hunturu ta 2002, sai a 1998 asiri ya tonu cewa an biya wa 'ya'yan wasu membobin kwamitin Olamfik kuɗin makaranta, an biya wa wasu asibiti, ƙarshe mutum 10 suka rasa kujerunsu, wasu kora wasu murabus. Daga nan ne a 1999 aka kafa hukumar ɗa'a, aka kuma hana membobi ziyartar garuruwan da ke takara. Don haka abu na farko, kwamitin neman gasa ya rubuta doka tun ranar da aka kafa shi, kowa ya sa hannu: ba ambulan, ba tikitin jirgi, ba otal, ba "ga na mai". Ɗan baji ko littafin hotunan gari, shi ke nan, shi ma a rubuta wa aka ba da kuma nawa ya ci.

Wani lokacin ma ba kai za ka miƙa ba, mai ƙuri'ar ne zai ja ka gefe bayan taro yana murmushi ya ce Alhaji ɗana na son karatu a jami'ar Legon, ko akwai hanya? Kar ka ce masa bari mu gani. Ka ce dokarmu ta hana, ranar nan ka rubuta abin da ya faru ka kai wa masu kula da ɗa'a. Amos Adamu na Najeriya, wanda yake memba a kwamitin zartarwa na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA, hukumar ta dakatar da shi shekara 3 a 2010 bayan 'yan jarida sun ɓad da kama sun ɗauki maganarsa kan ƙuri'a. Mu nan ma mun ga yadda kyamarar ɗan jarida Anas ta tona cin hanci a ƙwallonmu a 2018.

Sai 'yan tsakiya, masu cewa sun san wane sun san wane. Duk wanda aka ɗauka a bayyana sunansa da aikinsa da kuɗinsa, don ta hannunsu cin hanci ya fi bi. Wanda ƙaninsa ke da kamfanin gini kuma ya faɗa tun wuri, ya tashi daga zaman idan an zo maganar kwangila.

Kar a zagi garin da ake takara da shi, ko a Facebook. Faɗi naka alherin kawai.

Kuɗi kuwa na jama'a ne, harajin mai wake da direban trotro. A buɗe asusu guda, kwangila ta bi dokar sayayya ta 2003, a bar babban mai binciken kuɗi ya shiga tun ana kashewa ba sai an gama ba, kuma duk ɗan ƙasa na iya neman takardun a ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2019. Sannan kafin a rubuta a takardar nema cewa za a faɗaɗa titi ko a gyara filin Baba Yara a Kumasi, a fara zama da masu shaguna da sarakunan zango na wurin, a gaya musu wa za a tasa, ina za a kai shi, nawa za a biya shi, kuma yaushe.