Ku ɗauki tsofaffin hotunan gida da waya

Jama'a, tsofaffin hotunan gidanku, ku ɗauke su da waya tun ba su lalace ba. Ba sai kun biya mai hoto ba.

Ku shimfiɗa hoton a tabarma, a inuwa, da hantsi. Ku kashe filasha, ƙyallinta kan rufe fuska.

Da Sallah na yi namu a Tudun Wada, bayan kallon hawa a fadar Sarkin Zazzau. Hajiya na gefe tana faɗa mini sunan kowa, har da Baba, Allah ya jiƙansa, yana yaro da 'yar hularsa. Ku rubuta sunayen nan take.

Amma wanda danshin damina ya manne da gilashi, kar ku ɓanɓare, zai yage. Ku ɗauke shi a hakan, ku ɗan karkata wayar.