Ga 'yan uwa da suka sauka Damagaram da yara 'yan makaranta

Barkanku da zuwa. Kuna ta neman gidan haya a Sabon Gari ko Garin Malam, na sani, amma akwai abin da nake so ku shirya masa tun yanzu: ranar da za a ce an rufe makarantu saboda annoba. Mun gani a 2020. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da korona ta shigo Nijar, washegari aka rufe makarantu, ba a koma aji ba sai 1 ga Yuni. Zafin bazara da azumi duk a gida suka iske yara. Ƙarshen 2022 kuma sanƙarau ya ɓulla a jihar nan.

In ka ji an ce karatu ya koma intanet, kada ka zaci yaro ne gaban kwamfuta. A nan WhatsApp ne. Mushe, wato malamin lakwal (makarantar boko), ya rubuta darasi a takarda, ya ɗauki hoto, ya bi shi da saƙon murya. Wanda lambarsa ba ta cikin rukunin ajin, an wuce shi. Don haka ranar da ka kai yaro makaranta, karɓi lambar malaminsa, ka ba shi taka ta Nijar. Layin Najeriya ajiye shi don gaisuwa da gida. Sayi Airtel, Moov ko Zamani, bayan ka tambayi maƙwabta wanne ya fi kamawa a unguwarku. Ƙaramin faifan sola ma yana da rana, don wuta takan ɗauke a lokacin zafi.

Babbar matsalar ita ce Faransanci. Yaron da ya taso da Turancin Ingila a Kano ko Daura, a aji yana kallon bakin malam yana tsinta. A waya babu bakin da zai kalla. Ku nemi ɗalibin lise (babbar sakandare) ko na Jami'ar André Salifou a unguwa, ya riƙa zama da shi bayan la'asar, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Mai jiran BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, shi kam kada a yi masa jinkiri ko na mako ɗaya.

Sai maganar da ta fi damuna. A gidan maƙwabcina waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuma yana Kasuwar Dole tun safe. 'Yarsa ta wuni neman ruwa da jarka, sai bayan isha'i take karɓar wayar. Na gan ta bakin zaure tana faɗaɗa hoton da yatsu biyu, tana kwafa a littafi, ƙannenta maza na tsaye a kanta suna jira. Alhaji, don Allah in hakan ta taso, bar wayar a gida da hantsi, ko ka saya wa uwargida tata, a kuma yanka wa 'yan mata lokacinsu tun da sauran haske.