Kurakuran da aka fi yi wajen gane tsirran fako da jigawa

Babban kuskure shi ne yanke hukunci da kalar fure kawai. Tafasa da rai-ɗore duk furensu rawaya ne, duk suna fitowa a gefen hanya da tsohuwar gona da damina, shi ya sa yaran da aka aika tsinkar ganyen kwaɗo kan haɗo su. A duba ganyen. Na tafasa ƙanana shida ne, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kwanson kuma siriri ne dogo, ya ɗan lanƙwashe kamar lauje. Ganyen rai-ɗore ya fi yawa, bakinsa da tsini, in ka murza shi sai wari ya bugi hanci. 'Ya'yansa na yi wa dabbobi illa in suka ci da yawa, don haka wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Sabara da geza ma ana gwama su. Juya ganyen sabara, za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a bayansa, launinsa toka-toka, 'ya'yan kuma masu gashi ne. Geza ta fi son marmara da tsakuwa, ɗanta na da fikafikai huɗu, ganyenta kan yi ja da rani. Kalgo dai ba ya ɓuya, ganyensa a rabe yake gida biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Manomi kan jira sai furen nan mai ruwan hoda ya cika gonar dawa kafin ya ɗauki mataki, alhali tun yana ƙarƙashin ƙasa ya riga ya kama saiwar dawa ko gero yana tsotsa. Tsiro guda na zubar da iri dubbai, irin kuma kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. A tuge shi kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gonar a ƙona, kada a yar a kunya. Yawansa alama ce ƙasar ta gaji, tana neman taki.

Sai anza. Ganin ana cin 'ya'yanta a Nijar ba ya nufin a tsinka a kai baki. Ƙwayoyin da ke cikin 'ya'yan sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa, ɗacin ya fita. Tumfafiya kuwa, duk wanda ya karya reshenta ya wanke hannu kafin ya taɓa ido, don ruwanta fari na iya lahanta gani.