Yadda Ƙungiyar Aikin Gayya Za Ta Auna Aikinta Na Shekara

Ni nake riƙe da littafin ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu a nan Kano, mai aikin dashen bishiya da yasar kwata, kuma abin da sakatarorin wasu unguwanni suka fi tambayata shi ne yadda ake haɗa rahoton shekara. Yawanci sai ana saura mako guda taro suke zuwa, da waya cike da hotuna, suna so a tayar musu da rahoto daga ciki. Hoto kuwa iyakarsa ya nuna an taru an riƙe shebur. Abin da mutanen unguwa suke son ji, har da alhajin da ya ba ku gudummawa, shi ne cikin abin da kuka yi bara, me ya rage a tsaye yau. Ga yadda muke bi mu samo amsar.

Ku fara sayen littafi, dogo mai bangon kwali, irin wanda 'yan kasuwa suke rubuta bashi a ciki. Kada ku dogara da waya, domin waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, mai ita kuma yana iya yin fushi ya fita daga ƙungiya da duk tarihinku a aljihunsa. Kowace ranar aiki ta samu shafinta: kwanan wata, wurin da aka yi aikin daga ina zuwa ina, sunayen waɗanda suka fito, kayan aikin da aka aro da ko an mayar, kuɗin da aka kashe, sai abin da aka bari ba a gama ba. A rubuta a ranar, kafin Magariba. In aka kwana, wanda ya zo ya yi minti 10 ya tafi zai rantse shi ya fi kowa wahala.

Sai ku tsayar da lokacin da shekararku take ƙarewa. Shawarata kada ku rufe littafi a Disamba, ku rufe shi a watan Mayu, dab da saukar damina. Dalilin kuwa bishiyoyi ne. A Yuli da Agusta ake dashe, lokacin da ƙasa ta jiƙu, kuma har zuwa Disamba yawancin dashen yana nan kore shar da ragowar laimar damina. Abin da yake kashe shi yana gaba: iskar hunturu, awakin da ciyawa ta ƙare musu, sannan zafin Maris da Afrilu, lokacin da jarkar ruwa take tsada har mai gida yana lissafin ta wanka, balle ta bishiya. Wanda ya ƙirga a Disamba yaudarar kansa ya yi. Idan akwai wata ƙungiya mai ba ku tallafi da ta nace sai rahoton Disamba, ku ba ta na wucin gadi, ku rubuta a samansa cewa ƙidayar gaskiya sai Mayu.

Ƙidayar bishiya ita ce inda na fi daɗewa, domin a nan ƙungiyoyi suka fi yi wa kansu ƙarya. Tun ranar dashe kowace bishiya a ba ta lamba, a rubuta da fenti a jikin kejin da aka kewaye ta da shi ko a bangon da yake kusa. Kowace lamba kuma a haɗa ta da sunan mutum guda da ya yarda zai shayar da ita: mai shayin bakin titi, ladanin masallaci, mai gadin makaranta, matar gidan da take ƙofarsu. Bishiyar da aka ce ta kowa ce, ku ɗauka ta riga ta mutu. Ruwan alwala kaɗai ya isa ya riƙe dashe biyu ko uku a bakin masallaci in aka gyara masa hanya, kuma wannan ba ya cin ko sisi.

Ranar ƙidaya mutum biyu za su zaga da ƙafa, ɗaya daga cikinsu wanda bai yi dashen ba, saboda mai dashe yakan ga busasshen kara ya ce ai zai farfaɗo. A ja layi uku a littafi: mai rai, matacciya, da wadda babu ita sam. Kowace matacciya a rubuta abin da ya kashe ta gwargwadon abin da maƙwabta suka gani, ko ƙishi, ko akuya, ko gara, ko yara, ko mai gini ya sauke yashi a kanta. A ce kun dasa 200 kuka tarar da 70, to 70 za ku rubuta, wato 35 cikin 100, kuma wannan lambar ce za ku gwada da ta baɗi. Ƙungiyar da ta dasa 100 ta tsira da 80 ta fi wadda ta dasa 500 ta tsira da 60, ko da ta biyun ce aka nuna a talabijin.

Layin dalilin mutuwa shi zai gaya muku abin da za ku dasa nan gaba. Darbejiya tana da jimiri, shi ya sa ta cika garuruwanmu, amma kada a sa ta a gindin katanga ko ƙarƙashin wayar lantarki, don wata rana da hannunku za ku sare ta. Mangwaro yana son ruwa da kulawa, ya fi dacewa da cikin makaranta mai katanga. Zogale kuwa a bakin titi sadaka ce ga awaki, ku raba wa mata su dasa a tsakar gida, a can zai rayu har a ci kwaɗonsa.

Akwai wani layi da nake so ku ƙara, na bishiyoyin da ba ku dasa ba amma kuka kare. 'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Tun wajen 1983 manoman yankin Maraɗi, tare da wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture a gona, su rage rassan su bar 'yan kaɗan masu ƙarfi, maimakon sassabe su duka. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. Tohon da ya fito da kansa saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ya jiran jarkar kowa. Ku duba maƙabarta, filin Idi da bayan makaranta, za ku samu magarya, aduwa ko tsamiya suna ƙoƙarin tashi. Ku kewaye su da ƙaya, ku ba su lamba kamar sauran.

Yasar kwata ita ma tana da ma'auninta. Ku rubuta tsawon da aka yashe, ko da taku ne, amma wannan bai isa ba. A Agusta, washegarin kowane ruwa mai ƙarfi, mutum guda ya zaga ya rubuta inda ruwa ya kwanta da gidajen da ya shiga. Jerin gidajen nan na bana da na bara in aka ajiye su gefe da gefe, shi ne rahoton kwata. Idan gida 12 ruwa ya shiga bara, bana 4, kun yi aiki. Idan gidajen bara ne dai suka sake sha, to ku bi ruwan ku ga inda yake tsayawa, sau da yawa matsalar tana unguwar da take ƙasa da ku, ko wani kududdufin da ruwan yake taruwa a da an cike shi an yi gini. Saboda haka ne ake fara yasa daga ƙasa a hauro, kuma ake zuwa a gaida mai unguwar maƙwabta tun kafin a sa rana.

Ku kuma rubuta ranar da aka kwashe abin da aka yaso. Dattin da aka tara a bakin kwata aka bari, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Tun kafin ranar aiki a yi magana da hukumar kwashe shara ta REMASAB, ko a shirya da masu kura a san kuɗinsu. Mu mukan ɗora aikin a kan Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, tunda daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe mutane suna gida kuma titi babu cunkoso. Robobi da ƙarafa a ware wa 'yan gwangwan su saya. Toka da kashin dabbobi kuma manoman bayan gari suna so, ai tun zamanin da ake kai shi a kan jaki taki daga cikin birni yake zuwa gonakin kewayen Kano. Ɗan abin da aka samu ya shiga littafi, ko da bai wuce kuɗin safar hannu ba.

Kuɗi ba zan ja shi da nisa ba, kowa ya san yadda yake raba zumunci. Sakatare daban, ma'aji daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Inda babu rasit, kamar sayen igiya ko biyan mai kura, mutum biyu su sa hannu a littafi. Ku ware wa alƙawari shafinsa, domin a taro mai neman kujera yakan tashi ya ce ya ba da buhun siminti 50, a yi tafi, a ƙarshe 10 ne za su iso. In kuka rubuta 50 a shafin shiga, ku za a tambaya ina 40. Gudummawar da ba kuɗi ba ita ma a rubuta ta, kunun da mata suka dama, baron da aka ara, motar da aka ba ku kyauta. Idan kuna kula da rijiyar burtsatse, ku rubuta kwanakin da ta yi ba ta aiki a shekara da abin da yake asusun gyaranta, wannan ya fi hoton ranar buɗe ta amfani. Wanda kuma ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ya tuna akwai bayanin shekara da doka ta ce a riƙa miƙa mata, kuma littafin nan shi zai sauƙaƙa muku.

Sai mutane. Ku ɗauki sunayen da suka fito aikin farko na shekara ku gwada da na aikin ƙarshe. Nawa ne suka dawo? Nawa ne sababbi? In kuka ga sunaye biyar ne suke maimaituwa a kowane shafi, to ƙungiyar ba ta da lafiya ko da aikin yana kyau, domin ranar da biyu suka yi aure ɗaya ya samu aiki a Abuja, shi ke nan. Aikin mata yakan ɓace a irin wannan lissafi tunda yawancinsa a cikin gida ake yi, don haka su zaɓi tasu mai rubutu, a ba ta nata littafin, a haɗa a ƙarshe. Game da almajirai kuwa ina da magana mai ɗaci. Unguwanni da yawa su ake turawa cikin kwata ƙafa ba takalmi, 'ya'yan masu gida suna tsaye a sama suna ɗaukar hoto. In za su fito, a nemi izinin malaminsu, a ba su takalmin roba da safar hannu kamar kowa, a ciyar da su, ƙananan ciki kuma a bar su a kan ɗebo ruwa da shara. Sunan tsangayarsu ya fito a rahoto.

Rahoton kansa kada ya wuce shafi biyu, da Hausa, a karanta shi da baki a gaban jama'a. Bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa ko a harabar firamare ya fi, kuma a kauce wa watan azumi da ranakun biki. Ku fara da abin da bai yiwu ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Na lura idan sakatare ya buɗe baki da cewa bishiya 130 sun mutu, ga kuma dalili, dattawa sukan gyara zama su saurara, har wani ya ce a kawo biyu ƙofar gidansa shi zai kula da su. In kuwa aka fara da yabon kai da jerin godiya, kafin a kai ga lissafi rabin wurin sun tafi alwala. Hotuna biyu sun isa ga kowane aiki, na kafin a yi da na yanzu, a tsaya a wuri guda a ɗauka. A ba mai unguwa kwafi, a ba liman, a ba kansila. Sannan wani mai murya ya karanta shi a saƙon murya a tura ta WhatsApp, saboda matan da ba su fito ba da waɗanda ba sa karanta boko.

Kafin a yi addu'ar tashi a zaɓi ayyukan baɗi, kada su wuce uku, kowanne da sunan wanda zai riƙe shi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, wani ya zo da shi taron a ji lokacin da ake sa ran saukar ruwa a yankinku, a sa ranar yasar farko aƙalla mako biyu kafin nan. A wurin kuma za a faɗi wanda zai je maganar motar kwashe shara, da wanda zai je ma'aikatar muhalli ko wurin masu renon itatuwa neman dashe, da adadin da za a nema, wanda kada ya wuce yawan mutanen da suka ɗaga hannu cewa za su shayar.