Yadda za ka shuka balasa a gida don furenta mai shuɗi

Na san manoma za su yi dariya, wai mutum da hankalinsa ya ɗauko balasa ya kawo gida ya shuka, ciyawar da ake fama da ita a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, ka nome ta yau in aka yi ruwa da dare gobe ka tarar ta miƙe abinta. To amma duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa gona cikin marka ya ga furenta ya san ba kowace ciyawa ke da irin wannan shuɗin ba. Furen ɗan ƙarami ne bai fi farcen yaro ba, kunnuwa biyu na sama shuɗi garau, na ukun a ƙasa ɗan mitsitsi mai haske. Da safe yake buɗewa, kafin azahar ya yanƙwane, gobe kuma wani sabo ya fito. Kuma ba sai ka sayi iri ba, kyauta ce a bakin gona.

Abu na farko kuma shi ne babba, kar ka kuskura ka sa ta a ƙasan tsakar gida ko kusa da lambu. Cikin mazubi kawai. Dalili kuwa, balasa tana yin saiwa a kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa mai danshi, sannan tana tura wasu fararen rassa cikin ƙasa waɗanda ke yin nasu furen da ba ya buɗewa, su yi 'ya'ya a can ƙasa inda ido ba ya gani, shi ya sa ko ka tuge ta baɗi sai ta dawo. Ko maganin feshin nan glyphosate ba ya cika kashe ta, a Amurka ma gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi, kuma ta addabi masu noman auduga a can. To ka ga ba abin wasa ba ce.

Ka samu tsohon bokiti ko robar fenti ko jarka ka yanke ta, ka huda gindin da ƙusa mai zafi wuri huɗu ko biyar saboda ruwa ya riƙa fita. Ka ɗora a kan bulo ko daɓen siminti, kar saiwa ta bi ta hudar ta shiga ƙasa. Ƙasar da za ka zuba kuwa, ka haɗa ta gona kashi biyu, yashi kashi ɗaya, sai taki kashi ɗaya, kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona ta zai yi, na kaji ma ya fi zafi, ni dai ba na ba da shawararsa.

Dashe ya fi shuka iri sauƙi nesa ba kusa ba. Irin yana da ɓawo mai tauri, wani ya fito wani ya ƙi sai ya ga dama. Idan damina ta zauna wajen watan Yuni zuwa Yuli, ka yanko reshe mai gaɓa uku ko huɗu, ka cire ganyen ƙasa, ka kwantar da shi ka binne gaɓa biyu ka bar kan a waje, da yamma ake yi ba da rana tsaka ba. Reshe uku sun isa bokiti ɗaya don yaɗo take yi, in ka cusa da yawa sai ganye ya cika fure ya yi kaɗan.

Wurin ajiya, inda rana za ta same ta da safe amma inuwa ta rufe ta daga hantsi ya ɗaga, gefen katanga da ke fuskantar gabas ko gindin dogonyaro. Tana son danshi amma ba ta son a jiƙa ta kullum cikin taɓo, ka tura yatsa in ka ji saman ya bushe sai ka ba ta. Cikin Agusta kam ruwan sama ya ishe ta. In ta yi tsawo ta fara zubowa gefen bokiti ka tsinke kan, za ta yi rassa ta cika, abin da ka tsinke kuma kar ka jefar a bola ko kan taki don can ma kamawa zai yi, ka ba zomaye ko awaki, suna cin ta sosai. Wannan son da suke mata ne matsalar, in kana da akuya a sake sai ka ɗaga bokitin sama ko ka kewaye shi, kaji ma suna tone ƙasar.

Da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba za ka ga ta fara ja da baya, ganye ya yi rawaya, iskar hunturu na zuwa ta bushe. Ba ciwo ba ne, shekararta ce ta ƙare. Masu ƙoƙarin riƙe ta da ban ruwa har bazara wahala kawai suke sha. Ka yanke busasshen, ka ajiye bokitin da ƙasarsa a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi, 'ya'yan na nan a ciki, ruwan farko na baɗi ka fito da shi ka ƙara ɗan taki a sama, in tsiron ya yi yawa ka rage ka bar uku masu ƙarfi.