Yadda za ka hau jirgin cikin gari zuwa Newhaven

Ni dai a unguwar Leith nake zaune, a Edinburgh. Tun watan Nuwamba 2019 aka farke titin Leith Walk don ƙara tsawon layin jirgin lantarki na cikin gari zuwa unguwar Newhaven. Mun sha ƙura da ƙara, masu shaguna kuwa kullum kukansu ciniki ya mutu. Wallahi ban ga laifinsu ba. Sai ranar 7 ga Yuni 2023 aka buɗe, da sababbin tashoshi 8.

In ka zo, ɗan'uwa, yanki tikiti a na'urar da ke tasha kafin ka shiga, don in mai duba tikiti ya same ka hannu rabbana, kuɗin da za ka biya ya fi yawa. Daga filin jirgin sama ba sai ka canza ba, ka zauna har Newhaven. Mai son ganin Britannia, tsohon jirgin ruwan gidan sarautar Birtaniya, ya sauka a tashar Ocean Terminal.

Abin da ya fi damuna masu keke ne. In kana kan keke, kada ka bi tsawon ƙarfen dogon. Ka tsallaka shi a gicciye, a hankali, musamman in an yi ruwa. Na ga tayar wani yaro ta maƙale a ramin ƙarfen, ya faɗi ya daki gwiwa.